Dafina Matar Mai Shan Ruwa

Surukata Dafina ba ta taɓa shiga ɗarikar Kirista ta Metodis ba a duk shekarun da muka zauna gida ɗaya, amma da wuya ka sami majami'arsu a wannan gefe na kwarin Strumitsa wadda babu hannunta a tsayuwarta. Ni ce matar autanta, Mite. Rabin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, muna zaune a inuwa muna tsire ganyen taba a zare. Sauran da idona na gani.

A nan Drenino aka haife ta, tun Turkawa na mulki. Aka ɗaura mata aure da Andon, ɗan gidan da ke da babbar tukunyar tagulla ta dafa barasa, wadda rabin ƙauye ke zuwa aro idan an gama tsinkar inabi. Ba su rufe shekara ba ya bi ayarin samari zuwa Amurka neman aiki, ya bar ta da ciki. An ce ba zai daɗe ba. Sai yaƙi ya ɓarke, wannan bai gama lafawa ba wani ya taso, hanyoyi suka rufe. Turkawa suka tafi, Bulgarawa suka zo, su ma suka tafi, Sabiyawa suka zo. Dafina ta ce ita ba ta sanin an sake sarauta sai ta ga hular mai karɓar haraji ta canza. A cikin wannan jira ta haifi Tinka, ta binne iyayen mijinta duka biyu, ta koyi riƙe garmar shanu da kanta.

Sai da Tinka ta isa ɗauko ruwa daga rijiya sannan Andon ya dawo. Ya rame, kuma yatsu biyu na hannunsa na hagu babu, inji ya cinye su a masana'antar ƙarfe. Ya zo da akwati guda, da wani abin kiɗa mai naɗewa kamar ƙaramin tebur, irin wanda ake taka wa iska da ƙafa ana danna shi da yatsu.

Aka yanka rago, dangi suka taru. Fada, limamin tsohuwar cocin garin, ya zo sa albarka. Kowa ya sunkuya ya sumbaci hannunsa kamar yadda aka saba. Da aka zo kan Andon sai ya kama hannun ya girgiza, irin gaisuwar kasuwa. Mutane suka ce gajiyar hanya ce. Aka zauna, Pande, yayan Dafina, ya cika kofi da barasa ya miƙa masa.

"Karɓi, angon ƙanwata. Ka wanke maƙogwaro."

"Na gode, Yaya. Na daina."

"Ka daina me?"

"Sha."

Pande ya dubi kofin, ya dubi jama'a. "To me kake sha?"

"Ruwa."

"Ruwa! Kun ji fa. Mun aika mutum ƙetaren teku, an mayar mana da kwaɗo."

Aka kwashe da dariya, har da Fada. Daga ranar sunansa ya koma Mai Shan Ruwa, waɗanda suka bi shi daga baya kuwa aka sa musu 'yan ruwa. Har yau tsofaffi haka suke kiranmu.

Bayan baƙi sun watse ya ba Dafina labari. Ya ce lokacin da yake kwance asibiti da hannu a naɗe, babu ɗan ƙasarsu ko ɗaya da ya leƙo shi, kowa na tsoron ya rasa aikin yini. Waɗanda suka zo mutanen wata ƙaramar majami'a ce da ke bayan masana'antar. Suka riƙa kawo masa miya, suka koya masa karatu, ya ji wa'azinsu, ya ba da gaskiya. Dafina ta saurara har ya gama.

Ta ce, "Sun kyauta. Ina fata ka yi musu godiya. To sai kuma me?"

Ba a jima ba ta ga amsar. Wata safiya ta fito ta same shi da gatari a gaban tukunyar tagulla. Ta shiga tsakaninsu.

"Tukunyar ba ta taɓa buguwa ba, maigida. Kai ne ka bugu. Ajiye gatarin."

Ya ajiye, amma ya ce ba za a ƙara dafa barasa a cikinta ba, ba kuma za a ba kowa aro ba. Dafina ta mayar da ita tukunyar wanki. Wannan ce ƙiyayyar farko tsakanin gidan da ƙauye, tun kafin a zo kan batun addini, don a kakar nan mutane da yawa sai da inabinsu ya lalace suna neman inda za su dafa.

Sai ya juya kan hoton Maryamu da ke rataye a kusurwar ɗaki, da 'yar fitilar mai a gabansa. Ya ce a sauke. Ta ce uwarsa ce ta rataye shi, ita kuma ta tarar, kuma duk shekarun da ba ya nan da wannan hoton take magana idan abu ya dame ta. Suka yi kwanaki ba sa haɗa ido. A ƙarshe hoton ya koma madafa, ɗakin gaba ya zama na Andon da littafinsa da abin kiɗansa. Kiɗan ba daɗi, saboda yatsun da ya rasa, amma bai fasa ba.

Labari ya kai birni cewa akwai wani mutum a Drenino da ke karanta Linjila da harshen gida yana waƙa shi kaɗai. Sai ga wani siririn mutum mai tari ya iso bisa keke, ya ce sunansa Fasto Gligor. Shi ya gaya wa Andon cewa ba shi kaɗai ba ne. Tun zamanin Turkawa 'yan mishan na Amurka sun bar ƙananan taro a wasu ƙauyukan kwarin, yanzu kuma duka sun koma hannun Metodis, shugabanninsu na can wata ƙasa mai nisa. Ya ce idan aka tara su kaf, na duk ƙasar, ba za su cika kasuwar Strumitsa ba. Ya riƙa zuwa jefi-jefi, idan hanya ta bushe. Dafina ke dafa masa abinci, ita ke ɗinke masa wando idan sarƙar keke ta yaga.

Waɗanda suka fara shiga ɗakin Andon ba masu faɗa a ji ba ne. Akwai Stoyna, wadda mijinta bai dawo daga yaƙi ba, da wani makaho mai son waƙa, da 'yan mata da iyayensu suka bari su zo don ana koyar da karatu kyauta. Abin da ya buɗe ƙofa sosai mata ne. Wata rana a bakin rijiya wata mata mai kumburarren ido ta matso kusa da Dafina.

"Wai da gaske mijinki ko ɗigo ba ya sha?"

"Ko ɗigo."

"Ba ya dukanki?"

"Da ma can ba ya dukana. Yanzu wa'azi yake mini safe da yamma. Ban san wanda ya fi ciwo ba."

Ranar Lahadi matar ta jawo mijinta har ɗakin gaba. Ya daina sha na ɗan lokaci, ya koma, ya sake dainawa, a ƙarshe ya daina gaba ɗaya. Wasu matan suka gani, suka jawo nasu. Haka gidajen 'yan ruwa suka ƙaru, kaɗan-kaɗan, har ɗakin ya daina ɗaukarsu, ana buɗe taga na waje su ji.

Ƙauye bai so ba. Makiyayin gari ya daina karɓar saniyarsu. Mai injin niƙa ya riƙa barin alkamarsu sai kowa ya gama. Yara na jifan rufin gidan idan an fara waƙa, iyayensu na kallo. Dafina ta fi kowa shan wuya, don ita ba ta nan ba ta can. Idan ta je tsohuwar coci ta kunna kyandir, mata sai su ja jiki su bar mata fili. Idan ta dawo gida ta zauna bakin ƙofa da aikinta, sai ta ji ana kiran sunanta a cikin addu'a.

"Ya Ubangiji, ka buɗe zuciyar 'yar'uwarmu Dafina."

Ta ɗaga murya daga waje. "Ku roƙa mana ruwan sama tukuna, tattasaina na bushewa."

Ta ƙara haihuwar mata biyu, Zoya da Kalya, sannan Mite. Kowanne ta ɗauke shi da rana tsaka ta kai wa Fada ya yi masa baftisma. Andon ya kai ƙara wurin Fasto Gligor, shi kuwa ya ce baftisma ɗaya ce ko wa ya zuba ruwan, a bar maganar.

Mite na goye lokacin da Andon ya rasu. Ƙarshen sanyi ne, dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu. Ya ɗauko itace a amalanke, ya zo haye rafi, ƙafar amalanken ta faɗa rami ta kife. Ya tsaya cikin ruwan har ƙirji yana kwance shanun. Shanun suka tsira, shi kuwa sanyi ya shiga ƙirjinsa. Bai yi mako ba.

Dafina ta wanke shi, ta sa baƙin ɗankwali, ta nufi gidan Fada. Tsoho ne a lokacin, shi ya yi mata baftisma, shi ya ɗaura aurenta. Ta same shi a tsakar gida yana ba kaji hatsi. Ta sumbaci hannunsa.

"Fada, na zo neman wuri kusa da iyayensa."

Ya ci gaba da watsa hatsin. "'Yata, da ƙafarsa ya fita daga cikinmu. Ni ban kore shi ba."

"Na sani."

"Ki ce mini kafin ransa ya fita ya yi alamar gicciye. Ko da yatsa ɗaya. Ba zan tambayi kowa ba bayan ke."

"Bai yi ba, Fada. Waƙarsu yake yi har muryarsa ta ɗauke."

"Ki sake tunani. Wataƙila kin fita ɗibar ruwa."

"Ina wurin."

Ya zubar da sauran hatsin ya kakkaɓe hannu. "To ba ni da yadda zan yi. Ko na yarda, kin san mutanenmu. Yau a binne, gobe a tone."

Ta ce ta gode, ta dawo. A gida ta tarar da 'yan ruwa sun cika ɗakin gaba suna shawara. Akwai wani ƙauye a ƙetaren kogi inda 'yan'uwansu ke da maƙabarta tasu, amma ambaliya ta tafi da gada, gawa ba za ta haye ba, Fasto Gligor ma ba zai iso ba. Wani ya ce a jira ruwa ya janye. Wani ya ce a kai kuka ga hukuma. Dafina ta bar su suna ta shawara. Ta miƙa wa Tinka jariri, ta ɗauki diga, ta fita zuwa gonar tattasai da ubanta ya ba ta ranar aure, wadda ke bakin hanya a ƙarshen gari.

Ƙasar ta daskare daga sama, digar na tsalle. Ba ta yi nisa ba sai ga Pande. Shekaru ya yi bai taka gidansu ba.

"Ba ni nan kafin ki sare ƙafarki." Ya fizge digar. "Wawan mutum. Ya mutu ma sai ya sa mu aiki."

Ya haƙa yana zagi, yana tsayawa ya kurɓi barasa daga kwalbar aljihunsa, hawaye na bin gemunsa. Mazan 'yan ruwa suka zo da shebur suka taya shi, bai kalli ko ɗayansu ba. Da aka sa gawar, babu fasto, sai Tinka ta buɗe littafin ubanta ta karanta. Aka yi waƙa. Mutanen gari na tsaye can nesa a bakin hanya, wasu sun cire hula, wasu ba su cire ba.

Da aka rufe kabarin, Dafina ta ciro kyandir daga ƙirjinta ta kafa ta kunna. Ta zuba ruwan inabi bisa ƙasar, ta buɗe kwanon dafaffiyar alkama ta fara rabawa, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a garin. Stoyna ta riƙe mata hannu.

"'Yar'uwa, shi fa bai yarda da waɗannan ba."

"Da yana da rai naku ne, kun yi yadda kuka so da shi. Yanzu nawa ne. Karɓi ki ci."

Stoyna ta karɓa.

A bazarar nan Dafina ta dasa tattasai a sauran gonar, ta kewaye kabarin. Da makahon nan ya rasu, aka zo aka tsaya mata a ƙofa ana murza hula, ta ce a sa shi kusa da Andon. Bayansa wani jariri, bayansa wata tsohuwa. Kowace shekara kunyoyin tattasai na raguwa. Daga baya Fasto Gligor ya roƙi gefen da ke bakin hanya, aka gina ɗakin sujada da tubalin laka, ba ƙararrawa ba hasumiya, don hukuma ta ce kada ya yi kama da coci. Baƙo zai ɗauka rumfar shanya taba ce. Dafina ce ta shafe shi da farar ƙasa, ta ce ba za a ce gini a gonarta ya yi ƙazanta ba. Ranar buɗewa ba ta shiga ba.

'Yan matan suka girma, kuma kusan babu saurayin Drenino da zai nemi 'yar Mai Shan Ruwa. Tinka ta daɗe a gida. Wanda ya zo a ƙarshe wani baduku ne daga Gabrino, can kan dutse, mai suna Spas. Bai san komai game da Metodis ba, bai kuma damu ba, ya ce shi dai ya ga mace mai aiki. Dafina ta ɗora wa jaki barguna da tukwane, Tinka ta ce sai an ɗora abin kiɗan ubanta. Ta riƙa kaɗa shi a bayan shagon mijinta, masu jiran a gyara musu takalma suna ji. Kafin ta yaye ɗanta na biyu akwai taro a Gabrino, kuma ubana na cikin waɗanda suka fara zama a kan bencin shagon.

Zoya ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa. Ana ta yi masa canjin tasha, duk inda suka sauka kuwa sai ta sami mata biyu ko uku su riƙa karatu a ɗakinta ranar Lahadi da yamma. Wasu tarukan suka mutu da tashinta, wasu suka kama ƙasa, sai Fasto Gligor ya bi baya da kekensa. Kalya, ƙaramar, ta auri ɗan Stoyna ta zauna gari.

Babban yaƙi ya zo ya wuce, 'yan gurguzu suka hau mulki. Su ba sa son kowace coci, amma sun fi tsanar tamu, don suna cewa muna da iyayengiji a ƙasashen waje. Aka kori 'yan mishan da suka rage. Aka kama Fasto Gligor aka ɗaure. Aka sa kwaɗo a ɗakin sujada, daga baya aka buɗe aka zuba tabar gandun gwamnati a ciki. Taro ya koma ɗakin gaba na gidan Dafina, ba waƙa, sai karatu ƙasa-ƙasa. Duk namijin da aka sani ɗan ruwa ne, idan ya fita gari sai an tambaye shi inda za shi da wurin wa.

Dafina kuwa ba a tambayarta da yawa. Tsohuwa ce mai baƙin ɗankwali da gicciye a wuya, kowa na ganinta a tsohuwar coci ranar idi, kuma tana da 'ya'ya a garuruwa masu haihuwa kusan kowace shekara. Da za ta tafi wankan jego, sai a kawo mata Linjila ko littafin waƙoƙi da aka kwafa da hannu, a ce don Allah ta miƙa wa Tinka. Ta zura a buhun wake. A bakinta ake aika saƙon wanda ba shi da lafiya, da wanda aka kama, da inda za a haɗu ranar idin Ista. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa tambayar abin da ke cikin littattafan ba. Ta ce tunda can za ta, jakin ma bai yi ƙorafi ba.

Sau ɗaya aka tare ta da gaske, a kan hanyar Gabrino. Wani matashin ɗan sanda ne ya riƙe igiyar jakin.

"Iya, ina zuwa?"

"Gidan 'yata. Ta sauka."

"Me ke cikin buhu?"

"Wake."

"An ce gidanki gidan 'yan ruwa ne."

Dafina ta yi alamar gicciye, ta tofar da yawu gefe. "Kada ka tuna mini, ɗan nan! Sun cinye mini miji. Sun cinye mini gona, kabari bayan kabari, yanzu ko tattasan miya sai na roƙa. Sun kwashe mini 'ya'ya sun watsa a duwatsu. Sun cika mini ɗaki suna yi mini addu'a a kaina kamar na mutu. Rabona da ganin barasa a gidana tun kafin a haife ka, ko ta shafawa a gwiwa babu. Idan ka san inda ake kai ƙararsu, hau jakin nan mu tafi tare!"

Yaron ya yi ta dariya har ya saki igiya. Ya ga majanyin jakin ya yi sako-sako ya ɗaure mata, ya ce ta gai da mai jego. Da take ba ni labarin ta ce babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa. Waken ma akwai shi, daga sama.

A wannan zamani na zo gidan. Tinka ce ta haɗa ni da Mite. Ranar da aka kawo ni, Dafina ta dube ni daga kai har ƙafa.

"Ke ma 'yar ruwa ce?"

"E, Inna."

"Kin iya gasa tattasai ki ɓare ba ki yaga ba?"

"Na iya."

"To shiga."

Ba mace ce mai sauƙin zama ba. Ba ta yabo, ba ta son a taya ta abin da ba ta ce a taya ta ba, kuma idan ta yi fushi sai ta yi kwana da kwanaki tana magana da kaji maimakon mutane. Amma ban taɓa jin ta ce mini in bar sujadata ba, ni ma ban ce ta bar tata ba. Ranar Lahadi mukan fita tare, mu rabu a bakin rijiya.

Da aka saki Fasto Gligor, gidanmu ya fara sauka. Haƙoransa sun zube, tarin ya ƙaru, ba ya iya hawa keke. Dafina ta jiƙa masa burodi a romo ta zauna tana kallonsa yana ci. Da ya gama ya share baki.

"Dafina, kin yi mana abin da da yawa cikinmu suka ji tsoron yi. Me ya rage miki?"

"Uwata da ubana suna tsohuwar maƙabarta, Fasto. Iyayen Andon ma suna can. Pande ya bi su bara. Idan na daina kunna musu kyandir, wa zai kunna? Ku?"

 Ta ƙara masa romo.

Sannu a hankali hukuma ta sassauta. Aka kwashe taba daga ɗakin sujada, muka wanke, amma warin bai fita ba sai bayan shekaru. Sai kuma aka buɗe ƙofar fita waje neman aiki, abin da ɗauri bai yi mana ba tafiya ta yi. Samari suka nufi Jamus, iyalai suka nufi Ostireliya. Kalya da mijinta na cikin na farkon tafiya Ostireliya. A can suka tarar da wasu 'yan kwarinmu, suka kama hayar zaure a wata majami'ar Turawan wurin, suna yin sujada da harshenmu ranar Lahadi da la'asar bayan masu wurin sun gama.

Dafina ta tsufa ƙwarai lokacin da aka aiko cewa an yi wa Kalya aiki a asibiti, ga yara ba mai duba su. Mite ya ce tafiyar ta fi ƙarfinta. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Ba ta taɓa hawa ko jirgin ƙasa mai nisa ba, amma ta ɗaure kayanta a bargo, muka raka ta birni. Ta ce lokacin sanyi ɗaya za ta yi ta dawo, kada in bari Mite ya sare itacen inabin bakin ƙofa.

Ba ta dawo ba. Kalya ta warke, sai jikar Dafina ta haihu, sai wata ta haihu, daga nan ƙafafun Dafina suka ƙi. Masu zuwa hutu suka riƙa kawo mana labarinta. Ta ce burodin ƙasar kamar auduga yake. Ta ce ba ta yarda da Kirsimetin da ake yi cikin zafi ba. Ta koyi kalma biyu ko uku na Turanci, duka na korar kare ne. Kalya ta ce a shekararta ta ƙarshe ta bi su zauren hayar nan, da aka zo cin jibin Ubangiji, burodi da ruwan inabin da ake raba wa 'yan majami'a, ta miƙa hannu ta karɓa.  A mota Kalya ta kasa haƙuri.

"Inna, yau kin karɓa."

"Irin tsohuwar cocinmu a nan sai an hau bas biyu. Gwiwata ba za ta iya ba."

 Ta rasu a gidan Kalya da rana, a kan kujera, an binne ta a maƙabartar birnin. Mai gidan waya ne ya aiko aka kira Mite ya ji a tarho. Ya dawo ya zauna a tsakar gida har yamma, sannan ya tashi ya ba shanu ruwa.

Yanzu a Drenino ba mu cika benci uku ba, kusan duka tsofaffin mata. Gabrino ta fi mu mutane. Na Ostireliya sun fi mu duka, sun sayi gini nasu. Fasto na zuwa mana daga birni sau ɗaya a wata, a mota, sauran Lahadi ni nake karatu tunda idona na gani. Bara da rani suka aiko mana wani dogon saurayi, jikan Kalya, wanda ya yi makarantar wa'azi a can. Harshenmu a bakinsa duk a karye yake, sai da jikar Tinka ta tsaya gefensa tana gyara masa. Ya yi wata biyu yana zagaya ƙauyuka. Rana ta ƙone masa wuya, kuma cikinsa bai karɓi cukunmu ba.